Gawon da ka bari yau, shi zai ciyar da gonarka gobe

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, na Waca da Magarya da Dungas, Hausawa sun ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Kowa ya san wannan magana. Amma a gona ba shuka kaɗai ake girba ba. Abin da mutum ya sare yana girbarsa, abin da ya bari ma yana girbarsa. Labarin gawo a ƙasarmu ya ishe mu misali.

A zamanin da

Kakanninmu sun san darajar gawo. Tsofaffi suna ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi sarauta wajen 1851 zuwa 1884, ya hana saran gawo a ƙasarsa, ya kuma sa horo mai tsanani a kan wanda ya taka dokar. A lokacin mutane ba su da yawa, daji yana da faɗi. In gona ta gaji, sai a bar ta ta zama saura, ta huta shekaru.

Yadda gonaki suka zama tsirara

Daga baya jama'a ta ƙaru, saura ta ƙare. Noman gujiya ya kawo kuɗi, kowa yana son faɗaɗa gonarsa. Aka riƙa cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, babu kututture, babu tsiro. In lokacin sassabe ya zo, sai a sare komi, a tara, a sa wuta.

Hukuma ma ta yanke tata shawara. Dokar daji ta 1974 ta sa gawo da wasu itatuwa a hannun gwamnati. Ko a cikin gonarka icce yake, in ka sare shi ba da izni ba, ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. An yi dokar don a tsare itatuwa, amma ga abin da ta haifar: manomi ya ga iccen ba nasa ba ne, sai dai ya jawo masa tara. Saboda haka da ya ga ɗan gawo ya tsiro, sai ya tuge shi tun yana ƙarami, kafin kowa ya gani.

Abin da ya biyo baya

Aka yi fari a 1973 da 1974, aka sake yin wani a 1984. Ruwan sama na Allah ne, ba mai iya kawo shi, ba mai iya hana shi. Amma farin ya tarar da gonaki ba su da abin kariya. Iska ta kwashe ƙasa mai kyau. Rairayi ya riƙa binne hatsi da zarar ya tsiro, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku a damina guda. Bisashe suka rasa abinci, suka mutu. Mata suka riƙa tafiya mai nisa neman iccen wuta. Da ya yi wuya, aka koma ƙona kara da kashin shanu, alhali su ne takin gona. Samari suka tafi cin rani Kano da sauran garuruwan Najeriya, wasu ba su dawo ba.

Ku duba yadda abu yake jan abu. An sare icce, iska ta samu hanya. An ƙone kara, gona ta rasa taki. Gona ta rasa taki, rumbu ya zama wayam. Wanda ya riƙe gatari a ranar farko bai ga ƙarshen nan ba, domin sakamakon aikin gona ba ya zuwa rana ɗaya.

Manoma sun sake shawara

A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, an yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarun nan ne wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da yake aiki a karkarar Maraɗi, ya lura da wani abu: ƙananan tsirran da ake sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa, tana jiran a bar ta.

A nan jahar Damagaram, manoma da kansu suka fara barin ƴaƴan gawo a gonakinsu. Wani ya gani a gonar maƙwabcinsa, shi ma ya bari. A 2006 masana, cikinsu har da Mahamane Larwanou ɗan ƙasarmu, sun bincika Magarya da Matamai da Mirya. Sun tarar itatuwa sun dawo a gonaki kimanin hekta miliyan 1, mafi yawansu gawo. Hekta guda ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. A Nijar baki ɗaya an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Ba dasa su aka yi ba. Barinsu aka yi, aka kula da su.

Hukuma ita ma ta gyara. An yi sabuwar dokar daji a 2004. A 2020 kuma aka fito da doka mai tabbatar wa manomi hakkinsa a kan iccen da ya raina a gonarsa.

Me gawo yake yi wa gona?

Gawo ya bambanta da sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zuba ya ruɓe, ya zama taki. Saiwarsa tana zurfi, ba ta ƙwace ruwan shuka, kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake yake yi. Da rani yana da ganye da inuwa. Bisashe su kwanta ƙarƙashinsa, su ci ƴaƴansa, su bar taki a wurin. Shi ya sa zangarniyar da ke gindin gawo ta fi ta fili girma. Wanda yake shakka, ya je ya gwada da idonsa lokacin girbi.

Yadda ake sassabin zamani

Aikin ba ya cin kuɗi. Wuƙa ko gatari mai kaifi ya isa.

1. Kafin sassabe, zaga gonarka, ka ga abin da ya tsiro: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya.
2. A kowane kututture zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, ka cire sauran.
3. Aske ƙananan rassan ƙasa har rabin tsawon iccen. Yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage.
4. Kafa sanda ko ƙaya kusa da ɗan gawo, don mai noma da bisashe kada su taka shi.
5. Kowace shekara ka koma ka gyara. Rassan da ka cire su ne iccen wutar gidanka.

Aiki bai ƙare ba

Manyan gawon da muke gani yau, wasu ne suka bar su shekaru 30 ko 40 da suka wuce. Icce yana tsufa, yana mutuwa. In ba mu bar ƙanana a bayansu ba, ƴaƴanmu za su gaji fili. Ga kuma masu saran dare don sayarwa, da masu sassare rassa duka don bisashe har iccen ya bushe. In ɓarawo ya sare iccen da mutum ya raina shekara biyar, gobe mutumin ba zai sake bari ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agiye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki. Mu ma muna iya zama da maigari da makiyayanmu, mu shirya wace doka za mu bi, da abin da za a yi wa wanda ya taka ta.

Rani ya yi, sassabe ya kusa. Gatari yana hannunka, ɗan gawo yana gabanka. Kafin ka sara, ka tuna da 1984.

Tambayoyi don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Gawo nawa ne manya a gonarka? Ƙanana nawa? Ƙidaya, ka rubuta a littafinka.
2. Wa ya bar manyan?
3. Me ke hana mutanen garinku barin ƴaƴan itatuwa, kuma yaya za ku magance shi?