Komawa Gudu Bayan Mura da Zazzaɓi: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Da hunturu ya sauka Kano, masu fitowa sassarfa bayan sallar asuba a Nassarawa GRA kan ragu. Mutumin da ya saba zagaya Filin Sukuwa, ko bin titin Ahmadu Bello da na Audu Baƙo kafin motoci su cika su, sai a daina ganinsa kwana biyu: mura ta kama shi, ko zazzaɓin nan mai bin gida-gida. Ranar da ya dawo kuwa, shawara ta ko'ina. Wannan ya ce, "Alhaji, ai da ka daure ka fito, da tuni gumi ya fitar maka da shi." Wancan ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, wanda ya yi mura sai ya yi wata guda bai motsa ba." Duka biyun da kyakkyawar niyya suke magana, amma ɗaya daga cikin shawarwarin nan tana iya kai mutum asibiti.

Maganar gumi ita ta fi yaɗuwa, kuma ƙarya ce. Gumi aikinsa sanyaya jiki, ba ya ɗauko ƙwayar cutar bairos daga jini ko huhu ya fitar da ita ta fata. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, idan zazzaɓi zai sauka mutum kan jiƙe sharkaf, sai a ɗauka gumin ne ya kawo sauƙi, alhali sauƙin ne ya kawo gumin. Wanda zafin jikinsa ya kai digiri 38 ko ya wuce, zuciyarsa ta riga ta ƙara saurin bugawa ko yana kwance, ruwan jikinsa kuma yana raguwa. In ya ɗora gudu a kai, ya ƙara wa jikin zafi a daidai lokacin da ya kasa sarrafa wanda ke cikinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wannan ganganci ne tsantsa. Haka ma wanda ya sha Panadol zafin ya lafa ya ce ya warke. Maganin ya danne alamar ne kawai. Ana so zazzaɓi ya tafi da kansa, ba da taimakon magani ba, aƙalla awa 24, kuma ko a nan ba a farawa da gudu.

Mai cewa duk mura sai an kwanta wata guda shi ma ya wuce gona da iri. A shekarar 1998 masu bincike a Jami'ar Ball State da ke Amurka sun sa wa matasa 'yan sa-kai ƙwayar murar da aka saba da ita, suka sa wasu suna motsa jiki matsakaici, wasu suna hutawa. Ba a ga bambanci ba a tsananin murar ko tsawon kwanakinta. Wato motsa jiki bai warkar ba, bai kuma ƙara ciwon ba. Likitocin wasanni suna da ma'auni mai sauƙi: duba inda ciwon ya tsaya. In daga wuya zuwa sama ne, majina, atishawa, toshewar hanci, ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro, ba zazzaɓi, to ana iya fita a yi tafiya ko sassarfa mara nauyi ta minti goma, a ji yadda jiki ya karɓa. In ya sauko ƙasa da wuya, tari daga ƙirji, ciwon gaɓoɓi, kasala mai nauyi, amai ko gudawa, to gida za a zauna. Ma'aunin ba hukuncin likita ba ne, amma ya fi shawarar bakin titi nesa ba kusa ba.

Dalilin wannan tsantseni ita ce zuciya, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Wasu ƙwayoyin bairos, har da na mura mai tsanani da na korona, kan haddasa kumburin tsokar zuciya. Mutum na iya ganin ya miƙe sarai alhali kumburin na nan, gudu mai ƙarfi kuma a wannan hali na iya hargitsa bugun zuciya har a yanke jiki a faɗi. Ba kowa abin ke samu ba, kuma gaskiya ta ce a faɗi ƙarancinsa: a wani binciken da aka wallafa a 2021 kan ƙwararrun 'yan wasa 789 na Arewacin Amurka da suka kamu da korona, biyar kacal aka samu da alamun kumburi a zuciya. Sai dai ƙarancin nan bai hana shi faɗawa kan matashi mai ji da ƙarfi ba. Masu kallon ƙwallo za su tuna Alphonso Davies na Bayern Munich. A watan Janairun 2022, bayan ya tashi daga korona, gwaji ya nuna yana da kumburin tsokar zuciya mara tsanani, kuma bai sake buga wasa ba sai a Afrilu. Ƙa'idar da likitocin zuciya suka daɗe suna bi ita ce, wanda aka tabbatar yana da wannan kumburi ya bar motsa jiki mai ƙarfi wata uku zuwa shida, sai an sake gwada shi.

Saboda haka wanda ya koma gudu ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko zuciyarsa tana tsalle ko bugawa ba bisa tsari ba, ko haki ya kama shi a tazarar da a da ba ta sa shi haki, ko jiri ya ɗebe shi, ya tsaya nan take. Kada ya ce bari ya ƙarasa zagayen. Asibitin Nassarawa, wato na Muhammad Abdullahi Wase, yana cikin unguwar. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya. Likita zai iya neman gwajin bugun zuciya, da gwajin jini mai nuna ko tsokar ta taɓu, da hoton zuciyar.

Za a ce ai Noah Lyles ya yi tseren mita 200 da korona a jikinsa a gasar Olamfik ta Faris a 2024, har ya zo na uku. Haka ne. A keken marasa lafiya aka fitar da shi daga filin, da likitoci kewaye da shi. Mai sassarfa a kan titin Sultan da duku-duku ba shi da kowa kusa sai mai gadin wani gida.

Akwai kuma masu cewa ba cuta ce ke kayar da 'yan wasa ba, allurar rigakafin korona ce. Ban ga laifin Bakano da ya yi tambaya ba, ɗan garin da bai manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba. Abin da ke gaskiya a ciki: wasu nau'o'in allurar, irin na Pfizer da Moderna, sun haddasa kumburin zuciya ga mutane ƙalilan, galibi samari bayan allura ta biyu, kuma yawancinsu sun warware. Abin da ba gaskiya ba shi ne jingina mata kowace faɗuwa. Christian Eriksen da ya faɗi a fili a Yunin 2021, shugabannin Inter Milan, ƙungiyarsa a lokacin, sun ce ba a yi masa allurar ba. Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas tun 1989.

Wani kuskuren a kemis yake farawa. Da zazzaɓi ya zo sai a ce "maleriya da taifot," a haɗo magunguna ba gwaji. Maleriya ba bairos ba ce, tana da gwajinta na ɗigon jini da maganinta, kuma bai kamata a yi sakaci da ita ba. Amma maganin kashe bakteriya ba ya yi wa bairos komai. Ga mai gudu ma akwai ƙarin haɗari: ciprofloxacin, wanda ake yawan sha da sunan taifot, yana cikin magungunan da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa wa gargaɗi mai ƙarfi tun 2008 saboda suna iya raunana agara har ta tsinke. Wanda likita ya rubuta wa shi ya gaya masa yana gudu, in kuma ya ji ciwo a bayan dunduniya ya dakata ya koma wurinsa. Shayin citta da zuma da lemon tsami, ko sirace, suna iya sanyaya maƙogwaro su buɗe hanci. Iyakarsu ke nan, ba sa nuna jiki ya shirya wa gudu.

Tsoron da ke ingiza mutane fita da wuri shi ne kada wahalar watanni ta tafi a banza. Hutun mako guda ba ya rushe ta. Raguwar da ake ji kan fara bayyana ne wajen mako biyu zuwa uku, kuma tana dawowa. A fara da tafiya ta minti 15 zuwa 20, da saurin da za a iya hira ba haki. In an kwana lafiya, a gauraya tafiya da sassarfa, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, gudu mai ƙarfi ya zo daga ƙarshe. Mai agogon da ke ƙirga bugun zuciya ya duba da safe: in ya ɗara na kullum da kusan goma a minti, a ƙara hutu. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, mai sauran tari ko mai asma ya haƙura da titi. Wanda kuma ƙaramin motsi ke jefa shi cikin gajiya mai tsanani washegari, makonni bayan korona, kada ya bari a ce masa ragwanci ne ya daure. Turawa da ƙarfi kan ƙara dagula irin wannan gajiyar, likita ne zai tsara masa yadda zai koma.