Kafin Ɗalibi Ya Biya Kuɗin Laftof, Ya Duba Fuskarta

Duk lokacin da aka koma sabon zangon karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko a kwalejin horar da ma'aikatan lafiya ta Jega, kasuwar masu sayar da kwamfutar tafi-da-gidanka takan buɗe. Mai saye zai tambayi ƙarfin inji, ya tambayi girman ma'ajiya, ya tambayi awa nawa batir yake yi. Da wuya a ji ya tambayi fuskar, wato sikirin, alhali ita ce idonsa zai wuni a kai har ya gama makaranta.

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, yaron da ya fito daga Maiyama ko Jega da sikirin yake fara cin karo kafin ya ga ƙofar jami'a. In ya shiga kuma, takardun malamai da littattafai da aikin kammalawa galibi a kwamfuta zai karanta su.

Fuskar kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ce da ake kira fiksel. Kamar ɗinkin hular kube ne: in zaren ya yi siriri kuma ya matsu, zanen yakan fito tsaf, in ya yi kauri sai gefensa ya yi kaushi. Lambar 1366×768 tana nufin ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, jimilla miliyan 1 da 'yan kai. Ta 1920×1080, wadda ake kira Full HD, tana da sama da miliyan 2. Ta 3840×2160, wato 4K, ta haura miliyan 8.

Sai dai yawan ɗigo ba ya aiki shi kaɗai, dole a haɗa shi da faɗin fuskar. A sikirin mai inci 15.6, lambar 1366×768 tana ba da ɗigo kusan 100 a kowane inci, Full HD kuwa kusan 141. A mai inci 14, Full HD tana kai wa 157. Bambancin yana bayyana ne a ƙananan rubutu. Lanƙwasar da ta raba ƙ da k, ko ɗ da d, ɗigo kaɗan ne suke zana ta, kuma in sun yi ƙaranci sai ta dushe. Mai karatun Larabci ko ajami ya fi kowa jin wannan a jikinsa. A ƙasar Gwandu, inda ake nazarin littattafan Shehu Abdullahi bin Fodiyo har gobe, da yawa daga cikinsu hoton bugu ne da aka ɗauka aka zuba a kwamfuta. Ɗigon da ya raba ba'un da ta'un, da wasullan sama da ƙasa, sukan cakuɗe a fuska mai ƙarancin fiksel, mai karatu ya yi ta matse ido yana matsowa kusa.

A nan ne ake yawan yin kitso da kwarkwata. Kwamfutocin hannu da ake kawowa daga Legas da Kano, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da Lenovo ThinkPad T460, kowace an ƙera ta da fuska fiye da iri ɗaya: akwai mai 1366×768, akwai mai 1920×1080. Suna ɗaya, jiki ɗaya, kallo daban. Kuma idan mai shago ya ce "HD ce", bai yi ƙarya ba, domin a harshen kamfanoni 1366×768 ma HD ake ce mata. Hanyar tabbatarwa ba ta kai minti ɗaya ba: a kunna kwamfutar, a shiga Settings, a zaɓi System, a buɗe Display, lambar tana nan a rubuce.

Wasu sukan sayi Full HD, su ga rubutu ya ƙanƙance, sai su rage lambar zuwa ƙasa. Yin haka yana sa komai ya yi hazo-hazo, domin kowace fuska tana da lambarta ta asali da ta fi fita da kyau. Gyaran yana wannan shafin dai, a wurin ƙara girman rubutu: a kai shi kashi 125 ko 150 cikin ɗari. Haruffa za su girma ba tare da sun rasa kaifinsu ba.

To, 4K fa? Ga mai karatu kawai, ɓarnar kuɗi ce. A inci 14 ko 15, daga nisan da ake zama, ido ba ya cin moriyar ƙarin sosai, ga tsada, ga shan batir. A garin da wutar lantarki take zuwa jefi-jefi, awa guda ta ƙarin caji ta fi wa ɗalibi amfani.

Akwai wasu abubuwa biyu da za a gwada a shagon. A karkatar da murfin gaba da baya: in launi ya juye ko rubutu ya dusashe, fuskar irin ta TN ce mai araha, in ya tsaya daram, IPS ce, kuma ita ta fi daɗin karatu. Sannan a fito da ita bakin ƙofa. Fuska mai sheƙi takan koma madubi a hasken rana irin na Kebbi, marar sheƙi kuwa ba ta mayar da haske ga ido.

Ko da fuska ta yi kyau, ido yana bukatar hutu. Mutum yakan ƙifta kusan sau 15 a minti, amma in ya ƙura wa sikirin ido sai ƙiftawar ta ragu da rabi ko fiye, ga busasshiyar iskar hunturu tana ƙara masa yaji da ƙaiƙayi. Likitocin ido suna ba da shawarar a ɗaga kai duk bayan minti 20, a kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20.

Saboda haka iyaye da ɗaliban Jega da Aliero da Maiyama, idan kuɗi bai kai a sami komai ba, a nemi mai inci 14 ko 15.6, Full HD, IPS, marar sheƙi, ko da injin bai kai na wata ƙarfi ba. Kuma kada a miƙa kuɗi sai an buɗe shafin littafi a kanta an karanta da ido.