Bijimi ya mutu, irinsa yana haihuwa: labarin Christopher Polge

Ƴan'uwa makiyaya da manoma, kowa ya san zafin rasa bijimi na kirki. Ka yi shekaru kana kiwonsa, ɗiyansa mata suna cika ƙwarya da nono, sai fari ko ciwo ya ɗauke shi, irinsa ya tafi tare da shi. A zamanin kakanninmu babu dabara. Yau akwai. Ana ɗibar maniyyin bijimi a daskarar da shi, a ajiye shekara 20 ko fiye, sa'an nan a sa wa saniya ta ɗauki ciki. Mutumin da ya buɗe wannan hanya, shi za mu ba ku labarinsa a wannan wata.

Sunansa Christopher Polge. An haife shi a ƙasar Ingila a shekara ta 1926. Ɗan manomi ne, kuma ilimin noma da kiwo ya karanta a jami'ar garin Reading. Daga baya, sai ya kama aiki a wani gidan bincike na birnin Landan, tare da Alan Parkes da wata likita mai suna Audrey Smith.

Abin da suke nema shi ne yadda za a daskarar da maniyyin zakara bai mutu ba. A cikin maniyyi akwai ƙananan ƙwayoyi masu wutsiya, ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Su ne iri. In sanyi ya kama su, ruwan jikinsu yana zama ƙanƙara mai tsini, ta huda su. Sun gwada ruwan sukari, bai yi wani abin kirki ba.

Ran nan Polge ya ɗauko wata kwalba daga ɗakin sanyi ya yi aiki da ita. Da ya narkar da maniyyin ya duba, sai ya ga ƙwayoyin suna ta iyo. Ya haɗa sabon ruwan sukari ya sake gwadawa, duk suka mutu. To, mene ne a cikin tsohuwar kwalba? Wani da ya ce sa'a ce, ya wuce. Su ba su wuce ba. Suka kai ɗan abin da ya rage aka bincika. Ashe takardar da ke manne jikin kwalbar ba tata ba ce. Babu sukari a ciki, gilisarin ne da farin ƙwai. Gilisarin ɗin nan dai da mata ke shafawa lokacin hunturu don kada fata ta tsage. Yana shiga cikin ƙwayar, ya hana ƙanƙara yi mata ɓarna. Sun bayyana wa duniya wannan a 1949.

Daga kaji sai shanu. A 1952 Polge da wani likitan bisashe, Tim Rowson na garin Kambirij, suka nuna cewa shanu sun ɗauki ciki da maniyyin da aka daskarar. A lokacin sanyin da suke aiki da shi digiri 79 ne ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Yanzu ana ajiyewa cikin wani ruwa mai suna nitirojin, a digiri 196. Wani Bafaranshe, Robert Cassou, ya ƙago ɗan siririn bututu kamar karan ciyawa da ake zuba maniyyin ciki. Abin da bijimi ya ba da sau ɗaya yana cika ɗaruruwan irin wannan bututu. Ke nan bijimi yana Faransa, ɗansa yana faɗowa a wata ƙasa, shi ko jirgi bai shiga ba.

Polge ya koma Kambirij ya horar da almajirai. Ɗaya daga cikinsu, Ian Wilmut, shi ya shugabanci waɗanda suka samar da tunkiyar nan Dolly a 1996, daga ƙwayar hantsar wata tunkiya, ba da rago ba.

Da shekaru suka ja, aikin Polge ya kai ga zaren gado, wanda masana ke kira DNA. Wannan zare yana naɗe cikin kan kowace ƙwaya, shi ke ɗauke da kama da launi da yawan nono daga iyaye zuwa ɗiya. Ƙwayoyin bijimi kashi biyu ne: masu ba da mace da masu ba da namiji. Saboda haka in saniya tana ta haihuwar maza, kada a ga laifinta, daga wajen namiji abin yake. Haka yake ga mutane ma, masu gida su ji da kyau. Ƙwaya mai ba da mace ta fi ɗayar yawan zare da kusan kashi 4 cikin 100. Wani Ba'amurke, Larry Johnson, ya yi amfani da wannan ɗan bambanci ya rarrabe su da na'ura, ya gwada kan zomaye a 1989. A 1993 shi da Polge da abokan aikinsu suka ba da labarin maruƙan da aka haifa ta wannan hanya. Yau mai neman karsana yana samun wajen 9 cikin 10. Polge ya rasu a 2006, yana da shekara 80.

Amma dabarar tana da ƙaya. A Amurka an yi wani bijimi mai suna Chief, haifaffen 1962. Ɗiyansa mata nono kamar rijiya, kowa ya ruga neman irinsa. Ya bar ɗiya mata 16,000 da jikoki mata wajen 500,000. Sai bayan shekaru da yawa masu karanta zaren gado suka gano yana ɗauke da wani ɓoyayyen aibi. In jininsa ya haɗu ta wajen uwa da ta wajen uba, sai saniya ta yi ɓari. Masana sun ƙiyasta ciki wajen 500,000 ya zube a duniya ta dalilinsa. Makiyayanmu da ke canza bijimi don kada ya hau ɗiyarsa sun riga sun san wannan, ko ba su taɓa ganin madubin likita ba. Yanzu ana auna zaren bijimi kafin a raba irinsa.

A nan Nijar ma an yi aiki da wannan dabara, a tashar Tukunus ta wajen Filinge, inda ake kiwon shanun Azawak. Wanda ke so a sa wa saniyarsa iri, ya fara tambayar ma'aikacin kiwo: irin wane bijimi ne? Ɗan saniyar Turai yana son ruwa da inuwa da abinci mai yawa, ba ya jure tafiyar rani kamar namu. Kuma saniyar da ta rame ba ta cika ɗauka ba. A lura da ita safe da yamma. In ta tsaya wasu shanu suna hawanta da safe, a kira ma'aikaci ya zo da maraice. In da maraice aka gani, ya zo da sassafe, don lokacin ba ya kai kwana guda.