Yadda 'yan sikawut ke koyon jagoranci ko da babba ya ƙi sakin ragama

A rundunonin 'yan sikawut da dama, musamman na makarantu, malamin da ke kula da runduna shi ne wuƙa shi ne nama. Shi ke tsara taro, shi ke raba aiki, shi ke zaɓar wanda zai riƙe tuta, yara kuwa nasu fareti ne da bin umarni. Wannan ya saɓa wa tushen da aka kafa harkar a kansa.

A watan Agustan 1907, Robert Baden-Powell ya tara yara 20 a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila domin gwajin farko. Ya raba su rukuni huɗu masu sunayen dabbobi da tsuntsaye, irin su kyarkeci da bijimi da hankaka, ya kuma ɗora wa yaro guda alhakin kowane rukuni. Da wannan tsari harkar ta iso Najeriya a 1915, kuma ƙungiyar ƙasar ta shiga ta duniya a 1961.

Bisa tsarin, rukuni kan ƙunshi yara shida zuwa takwas, da jagora da mataimakinsa daga cikinsu. Jagororin rukunoni su ke zama majalisa su shata ayyukan runduna, babba kuma ya ba da shawara, ya tabbatar da lafiyar kowa. Babban taron ƙungiyar ta duniya na 2014 a ƙasar Sulobeniya ya jaddada haka, inda ya amince da manufar shigar da matasa cikin yanke shawara.

To me ya sa wasu manya ke ƙin sakin ragama? Wani tsoro yake ji kada yara su yi kuskure a ɗora masa laifi. Wani bai samu horo ba, aikin kawai aka liƙa masa. Wani kuma yana ganin idan yaro ya yi umarni a gabansa, girmansa ya zube. Sanin dalilin shi ke nuna maganin.

Mataki na farko shi ne farawa daga rukuni, inda ba a buƙatar izini mai yawa. Jagora zai iya raba wa 'yan rukuninsa ayyuka: wannan ya riƙe rajista, wancan ya kula da igiyoyi da tantuna, wani ya koyar da ɗaurin igiya ko taimakon gaggawa. Yaron da ya ciyar da mutum bakwai a sansani, daga lissafin cefane har wankin tukunya, ya koyi abin da lacca ba za ta ba shi ba.

Na biyu, a nemi abu ƙarami kuma takamaimai. Maimakon a ce wa malami a bar wa yara runduna, sai jagorori su kawo rubutaccen shiri na minti 20 cikin taron mako, su roƙi ya duba ya gyara. Idan suka cika alkawari sau uku ko huɗu, amana za ta ƙaru, domin sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, kada a kunyata babba a gaban yara. Gardama a fili tana raba runduna biyu, ta kuma koya wa ƙanana cewa jagoranci ɗaga murya ne. Idan magana cikin ladabi ba ta yi ba, akwai iyaye, da shugaban makaranta, da kwamishinan sikawut na yanki, wanda zai iya ziyartar rundunar ko ya gayyaci malamin kwas ɗin horo.

Sai dai akwai iyaka. Riƙe ragama daban ne da duka, ko cin zarafi, ko jefa yara cikin haɗari. Irin wannan ba a haƙuri da shi, sai a kai ƙara nan take, kamar yadda manufar kare yara da ƙungiyar ta duniya ta amince da ita a 2017 ta tanada.

Asarar da runduna ke yi idan ta hana yara riƙe ragama a bayyane take: waɗanda suka fara girma sukan gaji su daina zuwa, alhali su ne ya kamata su horar da na baya, su kuma gaji malamin gobe.