SARAUNIYA A MAJIGI: INA MURYAR MUTANEN GOBIR DA TASAWA?

Shekarar 1899 shekara ce da ƙasar Hausa ba ta manta da ita ba. A cikinta ne rundunar Faransa, ƙarƙashin kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine, ta ratso daga Yamma tana nufin tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kisa. A watan Afrilu ta gamu da Sarauniya Mangu a Lugu, cikin ƙasar Arewa. A watan Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni. Daga nan ta shigo Gobir, ta bi ta Tibiri, cikin gundumar Gidan Runji ta yau, ta nufi wajen Tasawa. Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko don ya tsayar da ɓarnar, ya iske ƙauyuka sun zama toka, gawarwaki a rataye bisa itatuwa. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori. Cikin kwana uku sojojin da kansu suka kashe Chanoine da Voulet, kuma kaburburansu suna nan a Maijirgi.

Wannan tarihi ne Abdoulaye Mamani, ɗan Nijar, ya mayar littafi da Faransanci a 1980, shi kuma Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim mai suna Sarraounia a 1986. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Yabon gwani ya zama dole: an ba mace baƙar fata jagorancin labari, an nuna Turawan mulkin mallaka da halinsu na gaskiya, ba a rufa musu asiri ba.

Haka kuma fim ɗin bai ɓoye abu mai ɗaci ba. Turawan rundunar ba su wuce goma ba. Masu riƙe da bindigogi ƴan Afirka ne da aka ɗebo daga ƙasashen Yamma, ga kuma ɗaruruwan ƴan dako da aka tilasta wa ɗaukar kaya. An nuna sarakunan da suka ƙi haɗa kai da Sarauniya saboda ita Azna ce. Ashe kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To amma akwai abin dubawa. Ba a Nijar aka ɗauki fim ɗin ba, a Burkina Faso ne, zamanin Thomas Sankara. Aï Keïta, wadda ta fito a matsayin Sarauniya, ƴar Burkina ce, kuma ta yi aikinta da kyau. Sai dai harsunan da suka mamaye fim ɗin su ne Jula da Fulatanci da Faransanci. Wato manomin Agye ko na Gazawa zai kalli tarihin ƙasarsa, amma sai an yi masa tafinta.

Na biyu, majigi yana son jarumi guda. Saboda haka Lugu ta sami suna da fuska, talakawan da aka hallaka a Tibiri da Koran Kalgo kuwa suka zama taro kawai, ba suna ba magana. Alhali jikokinsu suna nan, suna riƙe da abin da kakanni suka faɗa musu.

An ɗan cike wannan giɓi a 2020, sa'ad da Rob Lemkin ɗan Ingila ya fitar da African Apocalypse, inda aka bi sawun rundunar, aka saurari mutanen garuruwan da bakinsu, daga baya kuma aka nuna shi da Hausa. Duk da haka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka kira muke ga malaman makaranta, da ma'aikatan gidajen rediyon karkara, da samari masu wasan kwaikwayo na jihar Maraɗi: ku je wurin dattawa, ku ɗauki maganarsu tun suna da rai. Duk tsohon da ya kwanta dama ba a saurare shi ba, ya tafi da wani yanki na labarin 1899 wanda babu shi a takardun Faransa.