Bayani Kan Sana'ar Masu Gina Shafin Intanet Da Jinga

Ku sani, masu fitar da riɗi da zoɓo da citta daga Dawanau sun sha tambayarmu game da samarin nan masu gina wa mutum shafin intanet, domin masu saye na ƙasashen waje sukan so su ga shafi kafin su amince da mutum. Mu dai hatsi muka sani. Amma akwai ɗan ƙanenmu da ya shekara biyar cikin sana'ar, ba ya ƙarƙashin kowane kamfani, jinga yake karɓa. A gabanmu ya ci riba, a gabanmu ya faɗi. Abin da muka gani shi za mu faɗa.

Da fari, shafi kaya uku ne. Na ɗaya suna, watau adireshin da ake bugawa a same ka. Na biyu ma'ajiya, wata kwamfuta ce da ba a kashewa dare da rana, a nan hotunan kayanka da bayaninka suke zaune, tamkar sito. Na uku aikin hannun mai ginin. Wannan na ukun kaɗai ake biya a gama. Suna da ma'ajiya kuwa haya ne, sai ana sabuntawa, galibi shekara shekara. Duk rigimar sana'ar daga cakuɗa ukun nan take tasowa.

Darasi na farko, kada a yanke farashin haya da nisa. Sunan da ya ƙare da .com, rajistarsa tana hannun kamfanin Verisign na Amurka, tushen farashinsa dala ne. Wanda ya ƙare da .ng kuwa ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi a Nijeriya, ana biya da naira. A farkon 2023 yaron ya yi jinga da wani attajiri, gini da hayar shekara uku a dunƙule, da naira, alhali suna da ma'ajiya duka na dala ne. A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya sakar wa naira mara. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Haya ta ninka uku, daga aljihunsa ya cika. Daidai yake da wanda ya sallama gero da farashin kaka, a kan zai kawo shi da damina.

Na biyu, kafin alƙalami. In mai saye ya fasa, buhun dawa yana nan, gobe wani ya taya. Shafin da aka gina da sunan wane da hotunan wane, wa zai saya? Sati uku na aiki sun tafi ke nan. Saboda haka yanzu rabi yake karɓa kafin ya fara, rabi ran da zai miƙa.

Na uku, gyara. Mu a wurin awo, in an cika tiya akan ƙara ɗan hannu, shi ke nan. A tasu sana'ar gyara ba ta da iyaka: yau sāke launi, gobe ƙara hoto, jibi a mai da shi Faransanci saboda mutanen Maraɗi. Magani shi ne takarda da shaidu: sashe nawa za a gina, sau nawa za a gyara, abin da ya wuce haka sabon ciniki ne. Shi ma mai gini, abin da ya sa wa hannu lalle ya cika, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na huɗu, wannan naku ne 'yan kasuwa. A yi rajistar suna da sunanku da lambar wayarku, ku karɓi kalmar sirri ku adana kamar takardar rumfa. In haya ta ƙare ba a biya ba, akwai ɗan jinkiri, sa'an nan tara, sa'an nan a saki sunan, wanda ya riga ya kama. Mun san wanda aka yi wa rajista da sunan mai gininsa, yaron ya bar gari, lokacin biya ya wuce, katin kasuwancinsa da buhunan da ya buga wa adireshin duk suka tashi a banza.

To, in yaro ya zo muku da tayi, ku ce ya rubuta farashi uku dabam dabam: na suna, na ma'ajiya, na aikinsa. In ya ƙi rabawa, ku ce albarka.

Allah Ya ba da kasuwa. Wassalam.