Idan Allurar Agogon Inji Ta Fara Rawa a Kan Ruwa

Ranar da abin ya fara, mun baro Yauri da hantsi muna gangarawa wajen tafkin Kainji, da fasinja goma sha biyu da 'yan buhunan albasa. Jirgin na kawuna ne, na faiba mai sitiyari, da inji mai ƙarfin doki 75 rataye a bayansa. Ina riƙe da sitiyari sai na ga allurar agogon inji, wadda ta saba tsayawa cak a kan 4, ta zabura ta haye 6, ta faɗo 2, ta sake tashi tana karkarwa kamar mai masassara. Gabana ya faɗi, na kai hannu zan sassauta totur.

Kawu ya ce, "Dakata tukuna, yaro. Me kunnenka ya gaya maka?"

Na kasa kunne. Ƙarar injin tana nan yadda take, ba ƙari ba ragi. Na ce, "Kawu, lafiya lau yake tafiya."

Ya ce, "To allurar ce ke ƙarya. Amma ba haka kawai take yin ta ba."

Wannan agogo, wanda makanikai ke kira takomita, ba gudun jirgi yake aunawa ba. Yana ƙirga sau nawa inji ke juyawa ne a minti ɗaya, don haka lamba 4 na nufin juyi 4,000. Kowane inji yana da iyakar da masu ƙera shi suka yanka masa. Injinan Yamaha Enduro masu doki 40 da 75, waɗanda suka cika bakin kogin Kwara, ana so su tsaya tsakanin 4,500 da 5,500 idan an buɗe totur gaba ɗaya. In ya kasa kaiwa nan, ko lodi ya yi yawa ko farfela ta fi ƙarfinsa. In ya zarce, yana cin kansa. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga matuƙi ya manna wa agogonsa salatif don kada rawar allura ta dame shi.

Abu na farko shi ne abin da Kawu ya sa ni na yi, wato haɗa ido da kunne. Idan allura ta haye, ƙarar inji ma ta haye tare da ita amma jirgi bai ƙara gudu ba, to agogo gaskiya ya faɗa, matsalar tana cikin ruwa. Ko kainuwa da ciyawa sun naɗe farfela, ko an ɗaga injin da yawa tana shaƙar iska, ko kuma robar da ke tsakiyarta ta saki. Wannan na ƙarshen ba baƙo ba ne a wajenmu, domin tun da aka tare ruwa a Kainji a 1968 kututturan itatuwa suke nan a ƙarƙashi, farfela kuwa tana dukan ɗaya robar take sadaukar da kanta don ta ceci giya. Gane shi ba wuya: a ja layi da fenti daga tsakiyar farfela zuwa jikinta, a ɗan zagaya, a dawo a duba. In layin ya rabu biyu, robar ta tafi.

Namu ba haka ba ne, sai muka koma ga wuta. A irin waɗannan injina masu shan fetur gauraye da baƙin mai, agogon ba shi da wata igiya da ke juya shi. A ƙarƙashin murfi akwai babban faifan ƙarfe mai maganaɗisu a cikinsa, yana juyawa a kan koyil. Duk wucewar maganaɗisu sai koyil ya ba da bugun wuta, agogo kuwa bugun nan yake ƙirgawa. Koyil ɗin dai shi ne ke cajin batir, ta cikin wani ɗan akwati da ake kira rektifaya, mai daidaita wutar yadda batir zai iya karɓa. Ke nan agogo da caji rijiya ɗaya suke sha. In rektifaya ya fara ƙonewa, bugun yakan rikice, allura ta haukace ko ta kwanta a sifili. Abin da ke yaudarar mutane shi ne injin ba zai nuna komai ba, saboda wutar fulogi daga wani koyil dabam take fitowa. Sai ranar da aka murɗa makulli a tsakiyar ruwa aka ji shiru, ko fitila ta dushe da dare, sannan a gane an daɗe ana tafiya ba caji.

Da muka dawo, ni har na fara tambayar kuɗin sabon agogo. Wani dattijon makanike a bakin ruwa bai ko kalli agogon ba, ya ce in buɗe masa akwatin batir. Ya kama kan batir na nagetif da yatsu biyu, sai ga shi yana juyawa kamar zobe a yatsan yaro, ƙarƙashinsa cike da wani gari fari-fari mai ɗan kore. Notin irin mai fukafukai ne da ake ɗaurewa da hannu, girgizar ruwa ta kwance shi a hankali. Ya kankare da samfefa har darma ta yi ƙyalli, ya sa noti na sosai ya ɗaure da sifana, ya shafa giris. Sannan ya ɗora mitar awon wuta a kan batir. Inji a kashe, batir ya nuna bolt 12.4. Aka tayar, aka ɗan ba shi wuta, lambar ba ta motsa ba. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna wajen 12.6 a kashe, in inji na aiki kuma ya haura 13 zuwa 14 da ɗoriya. Ya ce, "Ɗana, sakakken kan batir ɗin nan ya riga ya cinye muku rektifaya." Wutar da koyil ke turowa ta riƙa rasa inda za ta sauka, ta ƙone shi. Haɗa batir a juye ma yana yin wannan ɓarna nan take, haka cire kan batir inji na aiki, wanda wasu ke yi wai don gwada caji. A daina, don Allah.

Aka sa sabon rektifaya, allura ta nutsu, mita ta nuna 14.

Da a ce caji lafiya yake, da bayan agogon za a leƙa. Wayoyi uku ne masu muhimmanci: ta wuta daga makulli, baƙa ta nagetif, da wadda ke kawo bugu daga inji, koriya a Yamaha, ruwan toka a Mercury da Evinrude. A girgiza kowace a hankali ana kallon allura, wadda ta sa ta zabura ita ce mai laifi. Baƙar ta fi yawan cin amana, don tsatsa kan ci ta daga cikin roba, waje kuwa kamar sabuwa. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a bayan agogon mai lambobi, wanda ake saitawa daidai da yawan maganaɗisun injin. In an saita shi a kan 6 alhali injin mai 12 ne, juyi 2,500 zai fito 5,000. Wannan kuskure ne mai tsayawa wuri ɗaya, ba ya rawa, amma in danshi ya shiga maɓallin yakan kawo rawar ma. A murɗa shi gaba da baya sau da yawa da sukundireba, a mayar da shi inda yake. Lambar da ta dace tana cikin littafin injin, domin wasu kamfanoni maganaɗisu suke ƙirgawa, wasu bugu.

Sai an wuce duk waɗannan ake zargin agogon kansa. Akwai ƙaramin agogo na gwaji da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. In shi ya tsaya daram naka na rawa, sai a sayi sabo da hujja. Sababbin injina masu kwamfuta a ciki daga kwamfutar suke aiko da ƙirgen, waɗannan a kai su ga mai na'urarsu.

Duk wanda zai buɗe murfi inji na aiki ya naɗe hannun rigarsa, ya cire rawani ko ƙyallen wuya, domin faifan nan ba ya jira. 'Yan'uwana matuƙa, idan allura ta fara rawa, a ɗora mita a kan batir tun jirgi yana ɗaure a gaɓa, kafin a ɗauki fasinja ko ɗaya.